Bututu Uku Daga Ɗakin Maza

Inna ta shekara goma sha tara tana goge daɓen asibitin nan. Ni wata bakwai kawai na yi a cikinsa, amma a tarihina wata bakwai a wuri ɗaya abin a yi shela ne. Na yi gareji, na yi gyaran waya, na yi yaron mota, na yi walda ta sati uku. Makaranta ma a aji biyu na sakandare na ajiye ta, ba don an kore ni ba, ƙafata ce ta ƙi zama a ƙarƙashin benci. Shi ya sa daga gida har wurin aiki ba mai kirana da komai sai Sha-yawo. Kuma halina ɗaya ne a ko'ina: da na ɓata abu ba na tsayawa jin faɗa, takalmina nake zurawa in kama gabana.

Inna ce ta roƙi Baba Sifana, tsohon mai gyaran famfon asibitin, ya ɗauke ni aiki a ƙarƙashinsa. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne wanda kujera ke cizo?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ka huta, nan babu kujera, durƙuso ake yi." Ya miƙo min sifana da wani tsohon buhu.

Buhun nan shi ne rabin sana'ar. In ka rubuta takarda zuwa sito kana neman roba ɗaya ta famfo, sai ka yi sati uku kana jiran sa hannu, ruwa kuwa ba ya jiran sa hannun kowa. Don haka dokar Baba Sifana ɗaya ce, kuma kullum sai ya maimaita ta: abin da bai fashe ba, ba a yar da shi. Duk abin da muka kwance mai sauran rai, noti ne, kan famfo ne, guntun bututu ne, a ɗauraye shi a jefa a buhu. Wata rana shi zai fitar da kai kunya.

A watana na biyu aka yi wa ɗakin maza na 'yan tiyata kwaskwarima, aka cire tsofaffin besin ɗin wanke hannu aka sa sababbi. A ƙarƙashin kowane besin akwai wani lanƙwasasshen bututu da muke kira gwiwa, wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa don ya tare wari. Guda uku na kwance, duk lafiyarsu ƙalau. Na ɗauraye su a bakin famfo, na ƙulle su a leda tun da danshinsu, na jefa a buhu na manta.

Bayan wata uku, besin ɗin da ke kusa da ƙofa a ɗakin jarirai ya fara ɗiga. Inna ce ke shan wahalarsa, don ita ke goge ɗakin maza da safe, ta goge na jarirai da rana, kuma duk ɗigon da ya sauka bayanta ne ke biya. Sau biyu ta yi mita a gida. Da ta yi ta uku, washegari na shiga da buhuna, na zaro gwiwa ɗaya na ɗaura. Ban yi minti goma ba. Wata nas ta ce, "Inna, ashe injiniya kika haifa kika ɓoye mana?" Inna ta ce, "Injiniyan yawo ba," amma na ga yadda ta juya baya tana gyara ɗankwali don kada a ga murmushinta. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na ranar ba. Can bayan wasu makonni na ɗaura ta biyun a ɗan ɗakin da ake haɗa wa jarirai madara. Ta ukun ta ci gaba da kwanciya a buhu.

Daga nan jarirai suka fara zazzaɓi. Uku ne a jere, duk bakwaini, duk a cikin kwalba. Aka ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga jininsu, irin wadda ba ta jin magani. A ba ta na farko ta shanye, a ba ta na biyu ta shanye, sai da aka kai ga na ƙarshe, wanda likitoci ke ɓoyewa kamar kuɗin tsohuwa. Biyu suka tashi. Ɗaya bai tashi ba.

Ranar hutuna ce, ina zaune a ƙofar gida ina kwance rediyon maƙwabcinmu, sai ga Inna tun rana ba ta karkata ba, riƙe da takalmanta na roba a leda. Inna ba ta taɓa dawo da takalman nan gida ba.

"Inna, lafiya? Ko an ba da hutu ne ban ji ba?"

"An bayar. Ni kaɗai."

Ta wuce ciki ta zauna a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Na tsuguna a gabanta.

"Sun ce ƙwayar da ke jikin yaran daga ɗakin maza ta fito," in ji ta. "Wai akwai wani bawan Allah da ya kwanta can watannin baya da irinta. Metiron, shugabar nas-nas, ta ɗauko jadawalin aiki ta duba, ba mai shiga ɗakunan nan biyu kullum sai ni."

"Sai aka yi yaya? Likitoci ba sa shiga?"

"Na maza daban, na yara daban. Ni ce gada." Ta buɗe tafukan hannunta tana kallo. Hannuwan nan duk sun tsattsage da sabulu, don Inna ba ta fita daga ɗaki ta shiga wani sai ta wanke su har dantse. "Sun goga min auduga har ƙarƙashin farce, Sha-yawo. A gaban yaran da aka haifa ina aiki a nan. Sun ce in zauna a gida sai kwamiti ya zauna."

"Wallahi gobe sai na je na samu Metiron ɗin nan."

"Ka je ka ce mata me? Ita ma ba barci take yi ba. Ita ta naɗe yaron nan ta miƙa wa ubansa. Dole ta kama wani abu, ni ce ta zo hannu."

Magana a asibiti ta fi ruwa saurin bin bututu. Kafin sati ta zagaya har unguwarmu. Maƙwabciyarmu, wadda kullum take ajiye wa Inna goyonta in za ta kasuwa, ta fara wucewa da shi a baya tana gaisuwa daga nesa. Inna ta ci gaba da harkarta. Sai dai kullum da sassafe takan tashi ta goge rigar aikinta, ta rataye, ta zauna tana kallonta.

Kwana tara da dakatar da ita, jariri na huɗu ya kamu. Na ɗauka shi ke nan an wanke ta. Ina! Sai aka ce ai ta riga ta shuka abin ne kafin ta tafi.

A ranar ne aka aiko daga ɗakin gwaji ana neman mai gyaran famfo. Baba Sifana ya ce gwiwoyinsa na jiki ba za su hau bene ba, in je. Wadda ke nemana ita ce ake kira Malama Tsinke, wata siririyar mata mai tabarau, wadda aljihun farar rigarta kullum cike yake da tsinkayen auduga. Ba abin da ba ta gogawa: marfin ƙofa, igiyar labule, wayar likita. Masu shara sun ce in ka tsaya kusa da ita da yawa kai ma sai ta goga ka.

"Kai ne injiniyan?" ta ce. "Zo ka buɗe min ƙarƙashin besin ɗin ɗakin jarirai, duka uku. Sama na goga na gaji, yanzu ciki nake so."

Muka sa safar hannu da takunkumi. Na kwance, ta zura tsinke a kowace gwiwa ta jefa a kwalba ta rubuta lamba. Da muka zo ta kusa da ƙofa har na ji wani ɗan alfahari, don ɗaurina bai ɗiga ko sau ɗaya ba.

Bayan kwana huɗu ta sake aikowa, wai in zo in cire gwiwar kusa da ƙofa a rufe besin ɗin. Na hau ɗakin gwaji na same ta gaban kwamfuta. A fuskar kwamfutar akwai wani zane kamar bishiyar da aka kwantar a gefe, kowane reshe da lamba a bakinsa.

"Malama, don Allah in yi tambaya. Ni ɗan Inna ne, mai goge daɓe da mofa."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Na sani. Hancinku ɗaya. Jawo kujera."

"Ba na zama a kujera."

"To tsaya, amma kada ka taɓa min komai." Ta nuna bishiyar da bayan biro. "Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikinta, harafi wajen miliyan biyar. Shi ne ke gaya mata yadda za ta rayu, har da yadda za ta ƙi jin magani. Waccan na'urar ta kan tebur ita ke karanta min shi. In ƙwaya za ta haihu, sai ta kwafa wa 'yarta rubutun kaf. Amma mai kwafi ba ya rasa kuskure. Nan da can harafi ɗaya zai canza, kuma duk jikokinta su gaji kuskuren. Ka gane?"

"Kamar satar amsa," na ce. "Haka malamin lissafi ya kama mu mu biyar. Ba amsar da muka ci ce ta tona mu ba, wadda muka faɗi iri ɗaya ce."

Ta yi dariya har da buga tebur. "Wa ya ce ka bar makaranta? To haka ne. Dubi nan. Waɗannan huɗun na jarirai ne. Bambancinsu harafi biyu, uku, biyar. 'Yan ɗaki ɗaya ne. Wannan ta cikin gwiwar kusa da ƙofa ce, wadda ka buɗe min, tana tsakiyarsu. Nan ne gidansu. Duk wanda ya buɗe famfo, ruwa ya daki ramin besin, sai ya fantsamo da su kan hannu da kan tire. Wannan kuma ta can baya ta mutumin ɗakin maza ce, na ajiye ta a firiza tun lokacin. Harafi goma sha ɗaya ne tsakaninsu. Kakarsu ce, ko 'yar'uwar kakarsu."

"Ta hannun Inna fa?"

Ta ja zanen ƙasa, ta ja, ta ja, sai ga wani reshe shi kaɗai can nesa. "Ga ta nan. Sunansu ɗaya da waɗancan, amma bambancinsu ya fi harafi dubu ashirin. Ko a hanya ba su taɓa gaisawa ba. Irin wadda za ka samu a hannun kowa ce, kuma tana jin magani."

"To ai shi ke nan! Ki gaya musu mana!"

"Na gaya musu. Metiron ta ce hannu ana wanke shi, abin da ke kai yau ba shi ne na watan jiya ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Yanzu cewa ake yi uwarka ta zubar da ruwan mofar ɗakin maza a besin ɗin."

"Inna? Inna ko ruwan kofi ba ta zubawa a besin. Bokitinta ma biyu ne, ja da shuɗi, kowane ɗaki da nasa."

"Na yarda da kai. Amma yarda ba ta hawa kwamfuta." Ta mayar da tabaranta. "Ga abin da ya hana ni sakat. Tun da aka gyara ɗakin maza, wata biyar ke nan, duk wata sai na goga shi, ban sake ganin ƙwayar nan ba ko sau ɗaya. Ta bar can tuntuni. A ɗakin jarirai kuwa sai wata biyu da suka wuce ta ɓullo. To wata ukun da ke tsakani, ina ta zauna? Ba ta tashi sama. Wuri mai danshi take so, mai duhu, inda ba mai damun ta. Wani ya ba ta masauki, sannan ya raka ta har ɗakin yara. In ban san hanyar da ta bi ba, ban san inda kuma ta sauka ba. Jibi kwamiti zai zauna, kuma abin da ke hannunsu kawai shi ne jadawali."

Wuri mai danshi, mai duhu. Buhun yana rataye a kafaɗata tana wannan magana. Na ji ya yi nauyi kamar an zuba masa duwatsu.

"Injiniya, lafiya? Ka yi fari."

"Warin maganin nan ne," na ce. Na sauka bene da gudu.

Na je na cire gwiwar kamar yadda ta ce, na miƙa wa nas a cikin leda biyu, ban iya kallon kwalaben jariran ba. Daga nan ban koma wurin Baba Sifana ba. Ƙafata ta san aikinta. Kafin in farga ina bakin titi, ina lissafin wani abokina direban babbar mota da ya daɗe yana cewa in zo mu riƙa tafiya tare. Gobe war haka ina wani gari, ba wanda ya san ni, ba wanda ya san buhu. Na biya gida don in ɗauki riguna biyu.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana wanke bokitin da ba datti a cikinsa. Na cire takalmi a bakin ƙofa na shiga ɗaki, na fara tura kaya a jaka a hankali. Sai na ji muryarta daga waje.

"Sha-yawo."

"Na'am, Inna."

"Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"Takalminka waje suke kallo. Tun kana ɗan shekara tara, in ka yi ɓarna haka kake ajiye su, don kada juyawa ta ɓata maka lokaci. Fito."

Na fito na tsuguna nesa da ita. Na gaya mata. Na gaya mata bishiyar, da haruffan, da ledar da na ƙulle, da ranar da aka kira ni injiniya. Ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama sai na ɗago. Hannunta na cikin bokiti, ba ya motsi.

"Don bayana ka yi," ta ce a hankali.

"Inna, yaron nan da ya rasu..."

"Yi shiru. Rai na Allah ne." Ta share hannu a zane. Ta daɗe tana kallon rigar aikinta da ke rataye a igiya. "Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"To ka bar shi haka. An cire bututun, an rufe besin, yara sun huta. Ni na ci zamanina, shekara nawa ta rage min? Kai kuwa yau wata bakwai kana tashi da safe kana tafiya wuri ɗaya. Ban taɓa ganin haka ba. Su ce ni ce. Bakin mutane ba ya huda fata."

Na san ƙarya take yi, don na ga fuskarta ranar da maƙwabciya ta wuce da goyo. Amma da a nan maganar ta tsaya, ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙaryar jarumta ba.

"Inna, guda uku ne."

"Me?"

"Gwiwoyin. Ɗaya tana buhu. Ɗaya kuma na ɗaura ta a ɗakin haɗa madara."

Ban taɓa ganin Inna ta miƙe da sauri haka ba, ita da ke dafa bango kafin ta tashi. Ta nufi bakin ƙofa, ta ɗauko takalmina da hannunta, ta ajiye su a gabana.

"Sa," ta ce. "Yau dai ka san inda za su kai ka. Ƙarfe huɗu ake haɗa ta yamma."

Saura minti ashirin na isa. Ban bi ta ɗakin gwaji ba, kai tsaye na wuce ɗakin madara. Nas ɗin ta riga ta jera kwalabe a tire a gefen besin, hannunta na kan famfo. Na ce, "Anti, don girman Allah kada ki buɗe." Ta ce, "Kai kuma daga ina, kamar an koro ka?" Na durƙusa na rufe ruwan daga ƙasa, na ce ta kira Malama Tsinke da Metiron, ina da magana.

A tsaye na yi bayanin, a gaban su uku, buhuna a ƙasa. Na zaro ledar na ajiye. Da Malama Tsinke ta kwance bakinta da safar hannu, har yanzu akwai ɗan ruwa a lanƙwasar, ga wani baƙin yauƙi manne a ciki. Ta dube shi kamar wadda ta ga ɗan'uwan da ya ɓata.

"Wata biyar a leda," ta ce. "Ka ba ta gida, ka ba ta ruwa, saura ka ɗaura mata aure."

Ba wanda ya yi dariya. Metiron, babbar mace mai furfura a gaban hula, ta zauna a kan kujerar roba kamar an zare mata laka.

"Ka san abin da ka yi kuwa, yaro?"

"Yanzu na sani, ranki ya daɗe."

"Ka ɗauraye shi, ka ce?"

"Da ruwan famfo. Haka muke yi."

Ta rufe ido. "Ni kuma na kori matar da ta fi kowa wanke hannu a ginin nan." Ta buɗe ido ta dubi nas. "A zubar da kwalaben nan, a kawo wasu daga ɗakin tafasa kaya. Daga yau ba a ajiye komai na jariri kusa da besin, ko da taku uku ne. Kai kuma, ina da ina ka taɓa ɗaura tsohon abu a asibitin nan?"

"Ni da Baba Sifana? Ranki ya daɗe, sai dai a ba ni takarda."

Aka ba ni takarda. Ranar na gane ina da ƙwaƙwalwa, don ba famfon da na manta. Washegari muka zagaya da Malama Tsinke ɗaki ɗaki, ina kwancewa tana gogawa. An ɗaga zaman kwamiti zuwa sati, don na'urar ta gama karatu.

Da sakamakon ya fito ta kira ni sama. A jikin bishiyar an sami sababbin rassa biyu. Ta ɗakin madara tana nan cikin dangi, ba ta kai ga kowane jariri ba tukuna. Ta cikin buhuna kuwa ta zauna daidai tsakanin ta mutumin ɗakin maza da ta jarirai, harafi huɗu daga can, bakwai daga nan. Ramin da ke damun Malama ya cike. Sauran wuraren da muka goga duk ba a same ta ba.

"Ka ga hanyarta," ta ce. "Daga besin ɗin maza, zuwa buhunka, zuwa nan. Uwarka ba ta ko kusa da titin."

"Malama, yaron da ya rasu. Da ban ɗaura ba, da yana nan?"

Ta dube ni. "Bishiyar nan tana faɗa min wa ya haifi wa, da inda aka bi. Ba ta faɗa min abin da zai faru da ba a bi ba. An haife shi da ƙyar, nauyinsa bai kai na kwalbar ruwa ba. Wataƙila da ya rayu. Ba zan ce maka a'a ba don ka ji sanyi." Ta juya biro a hannu. "Amma ni ma wata biyu ina goga saman besin ban leƙa ƙasa ba. Kowa da nasa kason. Ka ɗauki naka, kada ka ɗauki na kowa, kada kuma ka ajiye shi a hanya."

Ranar kwamiti, ina tsaye a gaban dogon tebur sai muka ji ana jan ƙafa a bene. Baba Sifana ne, ya hau hawa biyu da gwiwoyin da ya ce ba sa hawa, yana haki, buhunsa a kafaɗa. Ba wanda ya kira shi. Ya juye buhun a kan teburin kwamiti, notuna da robobi na shekara talatin suka watse har cikin takardunsu.

"Ranku ya daɗe, yaron nan bai ƙirƙiro komai ba," ya ce. "Ni na ce masa abin da bai fashe ba ba a yar da shi. Ni ma haka aka koya min. In laifi ne, ga tushensa nan a gabanku. In kuma kuna so mu daina, ku gaya wa sito ruwa ba ya karanta takarda."

Dakatarwar wata ɗaya aka ba ni. Shi aka ba shi takardar gargaɗi, ya ninke ta ya toshe ƙafar bencinsa da ke rawa. An hana ɗaura tsohon bututu a duk inda marar lafiya yake, an kuma ware wani kabad na kayan famfo sababbi, aka ba Baba Sifana makullinsa. Tsofaffin kayan an ce a farfasa kafin a zubar don kada wani ya tsince. Ni na riƙe guduma. Baba Sifana ya juya baya yana cewa, "Wannan kan famfon tun kafin a haife ka yake tare da ni." Jariri na huɗu ya tashi, kuma har yau da nake rubuta wannan ba a sami na biyar ba.

Metiron da kanta ta zo gidanmu da rana tsaka, cikin fararen kayanta, duk unguwa na kallo. Ban ji abin da suka faɗa a ɗaki ba. Na dai ga sun fito idon kowacce ja, Inna na cewa, "Haba, ranki ya daɗe, ya wuce," Metiron na cewa, "Bai wuce ba, Yaya, sai kin dawo."

Ranar da za ta koma na riƙe mata ledar takalman roba har ƙofar asibiti. Nan iyakata, tunda ni a dakace nake. Mai gadi ya miƙe ya gaishe ta, ta amsa kamar jiya ta bar wurin. Ta karɓi ledar.

"Wata ɗaya da yawa ne a wurinka," ta ce. "Na ji abokinka mai babbar mota yana cigiyarka."

"Na ce masa ya tafi."

"Me za ka zauna yi?"

"Rediyon maƙwabci tana nan a kwance tun ranar. Kuma Malama ta ce in na dawo, duk farkon wata ni zan riƙa buɗe mata ƙarƙashin besin."

"Duk wata? Kai?" Ta dube ni, ta dubi ƙafata. "Allah ya nuna mana."

Ta shiga. Na tsaya ina kallonta har ta kai famfon da ke bakin baranda, ta ajiye leda, ta naɗe hannun riga, ta fara wanke hannu har dantse.